Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana a Guangzhou, Bayan Aikin Gwiwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abba, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, yaya ƙarfin jiki? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Mun ga hoton da iyalinka ta turo kana tsaye da sanda a bakin ƙofa, mahaifiyarka ta yi ta hamdala har da hawaye. Mu nan duk lafiya lau muke.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da ka yi wa mahaifiyarka a waya. Ka ce likitar gashin ƙashi ta ba ka shawara, idan makonnin da ta ɗibar maka sun cika, ka shiga cikin masu wasan Taiji da safe, wato motsa jikin nan na mutanen Sin da ake yi sannu a hankali, kai kuma ka ce ba ka tsufa ba balle ka shiga rawar tsofaffi, hankalinka yana kan baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou a watan Oktoba. A waya ba ka barin mutum ya kai aya, shi ya sa na ga gara in rubuta, ka karanta a tsanake.

Ka san da jinyar masu ciwon ƙashi na ci abinci har na yi ritaya, saboda haka bari in gaya maka abin da aka yi wa ƙafarka. Tun haɗarin babur ɗin nan na ƙuruciyarka guringuntsin gwiwar yake cinyewa, har ƙashi ya koma gogar ƙashi. Likita ya aske bakin ƙashin cinya da na ƙwauri, ya lulluɓe kowanne da ƙarfe, ya sa roba mai tauri a tsakaninsu. Kayan suna da ƙarko. Wani nazari da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan 82 cikin 100 na irin waɗannan gwiwoyi suna kai shekara 25 ba a sake su ba. Amma ƙarfe ba ya ji. Gwiwar da Allah Ya halitta tana da jijiyoyin da ke sanar da ƙwaƙwalwa inda ƙafa take, ko da ido a rufe, kuma wasu daga cikinsu sun tafi a wurin aikin. Ga tsokar gaban cinya, wadda ita ce ke riƙe mutum kada gwiwa ta sare, takan rasa fiye da rabin ƙarfinta a watan farko. Shi ya sa za ka ji ƙafar kamar ta aro, kana takawa kana kallon ƙasa. Wannan ba wuƙar likita ke gyara shi ba, kai ne za ka sake koya wa jikinka.

Gashi shi ne kan gaba, kuma kada wani abu ya shiga gabansa, har Taijin da zan yi maka magana a kai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A makonni shida zuwa goma sha biyu na farko tabon cikin gwiwa yake ƙanƙamewa, abin da ka samu na lanƙwasawa a wannan tsakani da shi za ka daɗe. Tafiya a fili tana buƙatar gwiwa ta lanƙwasa kamar digiri 65, hawa da saukar bene kusan 90 zuwa 100, tashi daga gajeriyar kujera ya fi haka. Miƙewa kuma ta fi lanƙwasawa muhimmanci, domin ƙafar da ba ta miƙe sambal ba ɗingishi za ta gadar. In za ka kwanta, a sa matashi ƙarƙashin dunduniya, kada a sa shi ƙarƙashin gwiwa komai daɗin da yake yi. Na ga magidanta masu ƙarfi da suka guje wa zafin gashi, aka mai da su ɗakin tiyata, aka sa su barci, aka lanƙwasa gwiwar da ƙarfin hannu. Kusan mutum ɗaya cikin biyar yakan zauna bai gamsu da sabuwar gwiwarsa ba. Ba na so ka shiga cikinsu.

To, bayan ciwon ya lafa, kumburi ya saɓe, an karɓe sanda, akwai abin da yake saura, wanda ba a cika maganarsa ba: tsoro. Mutum ya warke a hoton asibiti amma ya ƙi sakar wa ƙafar nauyinsa. Ya riƙa jingina kan mai lafiyar, har ita ma ta fara kuka, ƙugu ya karkace, baya ya ɗauka. A nan ne na ga amfanin shawarar likitarka.

Lokacin da na zo wurinka, ka tuna nakan fita bayan asuba in shiga lambun Yuexiu da ke kusa da ku. Akwai wata dattijuwa cikin masu Taiji da na riƙa lura da ita, ta girme ni nesa ba kusa ba. Kowa hannuwanta yake kallo, ni kuwa ƙafafunta. Sai ta tattara nauyinta duka a kan ƙafa ɗaya, ɗayar ta zama ba komai a kanta. Ta ɗaga marar nauyin, ta aje dunduniya a gaba a hankali, ba ta dogara a kai ba tukuna, in ta so za ta iya janye ta ba tare da ta yi tangaɗi ba. Sannan tafin ƙafa ya sauka, yatsu su kama ƙasa, nauyi ya riƙa tsiyayowa daga ƙafar baya zuwa ta gaba kaɗan-kaɗan, gwiwa tana bin saitin yatsu, ba ta faɗa ciki ba, ba ta wuce su ba. Bayanta a miƙe, kafaɗu a sake, numfashi yana fita da tafiyar. In za ta juya, sai ta sauke nauyi daga ƙafar tukuna, ta juya ta a kan dunduniya. Na tsaya ina mamaki, domin abin da muke fama mu koya wa majinyata a tsakanin ƙarafan riƙo ke nan, ga shi ana yi a ƙarƙashin itatuwa, cikin nishaɗi, ba mai tilasta wa wani.

Mu da muke tafiya da sauri, faɗuwa muke yi daga ƙafa zuwa ƙafa, saurin ne yake rufa mana asiri. Wanda ya rage sauri dole tsokar cinyarsa ta ɗauki nauyin da kanta, dole hankalinsa ya koma kan tafin ƙafarsa. Ka gwada taku biyar irin nata, ka ji yadda cinya za ta yi rawa, sannan ka gaya mini ko wasan tsofaffi ne.

Asalinsa ma ba na tsofaffi ba ne. Dabarar faɗa ce ta zuriyar Chen, a wani ƙauye na lardin Henan, tun ƙarni na 17. Wani mai suna Yang Luchan ya koya a wurinsu ya kai ta Beijing, daga baya aka sassauta ta. A 1956 hukumar wasanni ta ƙasar Sin ta tsara gajeren salo mai motsi 24 domin jama'a, wanda ake gamawa cikin kamar minti shida, shi ne ka fi gani a lambuna. A watan Disamba na 2020 UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa Taiji cikin jerin al'adun gado na duniya.

Likitocin zamani kuma sun auna shi. A Boston ta Amurka, Dakta Chenchen Wang ta asibitin Tufts ta raba mutum 204 masu amosanin gwiwa gida biyu, wasu suka yi Taiji sau biyu a mako har mako 12, wasu suka yi gashi irin na asibiti. Sakamakon da ya fito a 2016 ya nuna sauƙin ciwon ya zo kusan ɗaya, masu Taiji kuma sun fi samun sauƙin damuwa. A 2018 Fuzhong Li na jihar Oregon ya bi dattawa 670 masu shekara 70 zuwa sama na tsawon mako 24, aka ga masu Taiji sun rage faɗuwa da kashi 58 cikin 100 idan aka gwada su da masu miƙe-miƙen jiki kawai. Faɗuwa ita ce babbar abin gudu a gare ka, domin karaya a gefen ƙarfe aiki ne mai wuyar gyara. Ka dai lura, mutanen Boston ba a yi musu aiki ba. Wanda ya shafe ka kai tsaye shi ne wani bincike da aka yi a can ƙasar Sin aka buga a 2019, a kan waɗanda aka sauya wa gwiwa. Bayan mako 14 masu Taiji sun fi nisan tafiya cikin minti shida, sun fi iya hidimar yau da kullum, amma a lanƙwasawa da zafi ba su fi sauran ba. Ka ga abin da na ce maka ke nan: gashi ne zai ba ka lanƙwasawa, Taiji ya ba ka tsayuwa da taku.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, don na san halinka, in ka karɓi abu sai ka wuce gona da iri. Kada ka fara sai likitan da ya yi aikin ya ce to. In ka fara, ka gaya wa malamin tun ranar farko cewa akwai ƙarfe a gwiwarka, ka nuna masa wacce. Ka tsaya da tsayi, gwiwa a ɗan sake kawai, ka bar masu duƙawa ƙasa su yi abinsu. A cikin motsi 24 ɗin nan akwai wanda ake zubewa ƙasa a kan ƙafa ɗaya a miƙe ɗayar, akwai na tsayuwa da ƙafa ɗaya, akwai na harbi da dunduniya. Waɗannan ba naka ba ne a bana. In ka sami mai koyar da salon Taiji da ake kira Sun, shi ya fi dacewa da kai, domin tsayuwarsa doguwa ce, takunsa gajere, ƙafar baya tana biyo ta gaba. A kansa ne ma wani likita a Ostireliya, Paul Lam, ya gina tsarinsa na masu ciwon gaɓoɓi. Abin da ya fi komai: kada ka murɗa jiki alhali ƙafa tana kafe da nauyi a kanta. Sauke nauyin, juya ƙafar, sannan jiki ya bi.

Ka fara da minti goma a cikin ɗaki, hannu ɗaya kusa da bayan kujera mai nauyi, da takalmi marar tudu wanda ba ya santsi, ba silifa ba. Nauyi dama, nauyi hagu, gaba, baya. Gajiyar tsoka ba laifi ba ce. Amma zafi mai suka a cikin gaɓar, ko kumburin da ya kwana ya wuni bai saɓe ba, yana nufin ka yi yawa: ka ɗaga ƙafar, ka sa ƙanƙara a cikin tawul, washegari ka rage. Akwai kuma wani tsohon motsa jikinsu mai suna Baduanjin, kashi takwas ne, yawancinsa hannu da numfashi, har a zaune ana yin sa. Ka tambayi likitarka ko za ka iya soma na zaunen tun yanzu, ko don barcin da ka ce ya ƙaurace maka.

Mahaifiyarka ta tambaye ni ko abin bai taɓa addini ba. Tambaya ce mai kyau. Gaskiya ne masu shi suna da falsafarsu da suke bayani da ita, amma abin da ake nema a wurinka motsi ne da numfashi da tattara hankali. Ka yi bisimilla ka fara. In wani ya ce ka rusuna wa hoto ko ka ƙona turare, ka bar masa wurinsa ka nemi wani malamin. Musulmin ƙasar Sin sun daɗe cikin wasannin motsa jiki irin nasu. Wang Ziping, wanda ya rasu a 1973, Musulmi ne, gwanin wasan, kuma sanannen mai maganin ƙashi a Shanghai. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka tambayi limamin masallacinku.

Tun da mun zo nan, sai maganar salla, don na san ita ce ke cin ka a rai ko ba ka faɗa ba. Zaman tahiya yana buƙatar gwiwa ta naɗe kusan digiri 150, sabuwar gwiwa kuwa yawanci tsakanin 110 da 125 take tsayawa. Kada ka tilasta mata. Imrana ɗan Husaini, Allah Ya yarda da shi, ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, game da salla yana fama da ciwo, aka ce masa ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Bukhari ya ruwaito. Ka yi tsayuwa da ruku'u in ka iya, ka zauna a kujera ka yi nuni da sujada. Ba abin kunya ba ne a gan ka a kujera a sahu. Tsugunno ma ka haƙura da shi, a nemo maka bayi na zama.

In ka ga sharaɓa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya sarƙe maka, ko ƙirji ya riƙe, wannan asibiti ne nan take, ko tsakar dare ne, domin gudan jini ba ya jira. Haka in zazzaɓi ya zo, ko ɗinkin ya yi ja yana fitar da ruwa. Maganin tsinka jinin da aka ba ka, ka shanye shi har ranar da aka ce.

Batun baje koli, ka wakilta yaronka na shago, ka riƙa bin sa a waya. Wunin tsaye a waɗannan manyan rumfuna ko mai lafiyayyar ƙafa yana jin jiki. Zuwa gida ma kada ka yanki tikiti sai likita ya yarda, saboda dogon zama a jirgi. In Allah Ya kawo ka, ka zo mini da abin da ka koya, akwai dattawan unguwa da nake so ka nuna wa wannan takun, musamman masu tsoron fita masallaci da asuba saboda faɗuwa.

Ka gode wa iyalinka, ta yi ɗawainiya, ka riƙa sassauta mata harshe in zafi ya taso. Ka turo mini adadin digirin da aka auna maka a ganin likita na gaba. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka, a shafa mini kan yara.

Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka lafiya mai ɗorewa.

Wassalam,
Mahaifinka.