Alhaji, Ga Amsar Tambayarka Kan Maganin Feshi Da Halittun Fadama

Assalamu alaikum Alhaji. Ina gajiya, ya aikin rani, ya iyali?

A taron manoman shinkafa da aka yi a Argungu ka miƙe ka tambaye ni: tunda kullum ina kuka da maganin feshi, ina gawar tsuntsaye da kifin da nake cewa yana kashewa? Ka ce ka daɗe kana feshi ba ka taɓa tsintar ko balbela ɗaya a mace ba, kuma ba za ka bar wa tsutsa shinkafar da ka ci bashi ka noma ba saboda kwaɗi. A gaban jama'a ka yi tambayar, shi ya sa na ga ya dace amsar ma jama'a su gani.

Na yarda ba ka ga gawa ba. Ai mafi munin ɓarnar ba ta barin gawa. Abin da ke tayar min da hankali shi ne ɗan maganin da bai kai ya kashe uwa ba, amma ya hana ta haihuwa. Bafulatanin da shanunsa ke kiwo lafiya lau amma shekara da shekaru babu maraƙi, ya san garkensa ya ƙare ko da saniya ɗaya ba ta faɗi ba.

Haka ta faru a Amurka da maganin DDT. Shi wannan magani ba ya lalacewa da wuri, kuma cikin kitse yake maƙalewa. Ƙananan halittun ruwa su sha kaɗan, ƙaramin kifi ya cinye dubbansu, babban kifi ya ci ƙananan, mikiya ta ɗauki babban, duk abin da suka tara ya taru a jikinta. Ba ta mutu ba. Ɓawon ƙwanta ne ya yi siriri, da ta hau kwanci sai ya fashe a ƙarƙashinta. A 1963 ma'auratan mikiyar da suka rage a jihohi 48 na ƙasar 417 ne kacal. Aka hana DDT a 1972, zuwa 2007 sun kusa 10,000.

Kada ka ce wannan labarin Turawa ne, Alhaji, don ɗan'uwan DDT yana nan a gulabenmu. Gamalin, maganin ƙwarin nan da marasa tsoron Allah ke zubawa a ruwa don kifi ya taso, gida ɗaya suka fito, kuma tun 2009 ƙasashen duniya suka sa sinadarinsa cikin jerin waɗanda za a daina a yarjejeniyar Stockholm. Mai zuba shi manyan kifi yake kwasa ya tafi kasuwa. Ƙwai da 'ya'yan tarwaɗa da karfasa da kurungu da suka mutu a ƙasan ruwa babu mai lissafa su. Giwan ruwa kuwa, da yake kifi yake ci, shi ne ke tara gubar fiye da kowa.

Ka fi ni sanin cewa in ruwa ya cika ya malala cikin fadama, a nan kifi ke shiga ya zuba ƙwai, a nan 'ya'yan ke girma kafin ruwa ya janye su koma gulbi. Wannan fadamar ita ce gonata, ita ce gonarka. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a 2015 noma ya bunƙasa, alhamdu lillahi, amma yanzu damina da rani duk feshi ake yi, ƙasar ba ta hutawa. Iyayenmu sun hana kamun kifi a gulbin Matan Fada sai ranar biki don kifi ya samu ya hayayyafa, kuma da wannan hikimar bikin da aka fara a 1934 ya kai har UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. Sarkin Ruwa zai iya hana masunci jefa homa. Ba shi da yadda zai tare ruwan da ya gangaro daga gonakinmu.

Kwaɗon da ka ambata, ta fatarsa yake shan duk abin da ke cikin ruwa. Masu bincike a jami'ar Kalifoniya sun nuna cewa atirazin, maganin ciyawar da muke fesa wa masara da dawa, yana lalata mazakutar kwaɗi, har wasu su koma mata. Kamfanin da ke yin sa ya musanta, amma Tarayyar Turai ta daina amincewa da shi tun 2004. Kuma kwaɗon nan ƙwari yake ci maka a gona dare da rana, kamar yadda shamuwa ke cin fara da tsutsa. In sun ragu ƙwari su ƙaru, kai kuma ka ƙara kwalba. Ko feshin tsuntsayen jan baki da ake yi da jirgi, wanda ni ma ba na so a bari su cinye mana shinkafa, maganinsa ba ya tantance tsuntsu, kuma shaho da shirwar da suka ci waɗanda suka faɗi su ma suna tafiya.

Ni ma bari in tambaye ka: yaushe rabonka da ganin ungulu cike da mahauta kamar lokacin da muke yara? Tun 2015 tana cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Dalilan suna da yawa, har da masu farautarta don sayar wa 'yan magani, amma guba na kan gaba, kuma sau da yawa da maganin ƙwari ake haɗa ta. Ƙwai ɗaya take yi a shekara, don haka kowace uwa da aka rasa giɓi ne babba. A Indiya maganin ciwon jiki na shanu mai suna dikulofenak ya lalata ƙodar ungulayen da suka ci mushen, fiye da kashi 95 cikin 100 suka ƙare kafin a hana ba dabbobi shi a 2006.

Abin da ya fi taɓa min zuciya na maƙwabtanmu ne. A farkon 2010 agwagi suka fara ɓacewa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, babu wanda ya ɗauke shi da muhimmanci. Gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Kafin a shawo kan lamarin yara sama da 400 sun rasu, Allah ya jiƙansu. Ruwan da ya shiga jikin kifi da agwagwa shi ne matanmu ke ɗiba, shi yaranmu ke wanka a ciki.

Ban ce ka daina feshi ba, Alhaji. Na san bashi, na san tsutsa. Roƙona shi ne yaranka su daina wanke injin feshi a bakin gulbi da magudanar ruwa, su haƙa rami nesa da ruwa su wanke a can. A auna yadda aka rubuta a jikin kwalba, don ƙarin murfi ɗaya da ake yi wai ya fi ƙarfi ba ya ƙara kashe tsutsa, ruwa kawai yake bi. In hadari ya haɗo ko iska na kaɗawa a dakata, a kuma bar 'yan taku na ciyawa tsakanin gona da ruwa. Wanda aka gani da Gamalin a bakin gulbi a kai maganarsa ga Sarkin Ruwa da mai gari.

Kai babba ne, ana jin maganarka fiye da tawa. A taro mai zuwa ka sa kowa ya zo da kwalaben da yake amfani da su, mu karanta su ɗaya bayan ɗaya, mu ware waɗanda bai kamata su kusanci ruwa ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.

Naka,
Malamin gona, Argungu