A buɗe wa motar tsani hanya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina neman fili in yi magana kan motar kashe gobara mai dogon tsani, wadda ke ɗauko mutanen da wuta ta rutsa da su a saman bene. Tun da na ga hotunan gobarar Afriland Towers a Legas cikin Satumbar 2025, mutane na dirowa ta taga, na ƙasa suna ƙoƙarin tare su, hankalina bai kwanta ba. Daga ƙasan ginin wutar ta tashi, hayaƙi ya bi sama. A irin wannan hali taga ce kaɗai ƙofa.

Ko Landan ta ɗanɗana. A gobarar Grenfell ta ranar 14 ga Yunin 2017, mutum 72 suka rasu a bene mai hawa 24. Tsanin da 'yan kwana-kwanan birnin ke da shi a lokacin mita 32 ne, bai wuce wajen hawa na 10 ba. Sai daga baya suka sayo masu mita 64.

To, jihohinmu su saya, ina goyon baya. Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda motar za ta tsaya. Kafin tsanin ya tashi, sai ta miƙe ƙafafunta na ƙarfe dama da hagu ta kafe a ƙasa mai ƙwari, in ba haka ba nauyin ya kifar da ita. Yanzu duk wanda ya san Kantin Kwari ya faɗa mini gaskiya: benaye na ta tashi, layi cike da tebura da kura da dilolin atamfa, ga wayoyin lantarki sun yi saƙa a sama. Ina za ta miƙe ƙafa? A ce ma ta kai, tagogin an like su da ƙarfe saboda ɓarayi, sai ma'aikaci ya tsaya yanka alhali mutum na shaƙar hayaƙi a ciki.

Roƙona ga masu ba da izinin gini: kada su sa hannu kan bene sai sun ga filin da motar za ta tsaya. Shugabannin kasuwa su ware layin da ba a kasa kaya a kai. Masu benaye kuma su bar taga ɗaya a kowane hawa wadda ƙarfenta ke buɗuwa ta ciki, makullin kuma a rataye shi kusa da ita.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Fagge, Kano