Wasiƙa kan maganar Autanku

Assalamu alaikum mutumina,

Ya iyali, ya ruwan Fatakwal? Wata huɗu ba ko gaisuwa, sai ka ce da kuɗi ake amsa sallama a can. To, maganar Autanku ce ta sa na ɗauki biro.

An mayar da yaron nan saniyar ware a kamfanin da yake aiki a Sharaɗa. Ruwa ba ya tsami banza: ya gyara wa oga lissafi a gaban mutane, kuma shi ke da gaskiya. Tun daga ranar aka cire shi daga guruf ɗin WhatsApp na sashensu, a yi mitin ba a kira shi ba, gobe a tuhume shi da rashin sanin abin da aka yanke. Bayan Azahar, da ya nufi tabarmar da suke haɗa kwano, sai kowa ya tuna yana da uzuri. Ba ƙinsa suke yi ba, tsoron a gan su da shi suke ji. Wannan ya fi cin ransa fiye da rashin alawus.

Yana so ya ajiye aikin, kai kaɗai yake jin maganarka, don Allah ka hana shi. Ya sayi ɗan littafi, kullum ya rubuta kwanan wata, abin da ya faru da wanda ke wurin. In an ba shi umarni da baki, ya tura saƙo: "Ranka ya daɗe, kamar yadda ka ce, zan kammala kaza ranar kaza." Takardar tuhuma in ta zo, ya amsa cikin wa'adin da aka rubuta, a gajarce, ba zafin rai, ya sa a buga wa kwafinsa hatimin karɓa. Nan ake kayar da yawancin yara, fushi ya sa su ƙi amsawa, shirun ya zama laifi na biyu a fayil.

Amma kafin takarda ta wuce sama, ya nemi dattijo guda da ogan ke jin nauyinsa, su same shi a keɓe. Ya ba da haƙuri kan wurin da ya yi gyaran, kada ya janye lissafin. In abu ya ƙi, akwai wakilin ƙungiyar ƙwadago, akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa (National Industrial Court) nan Kano, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya damƙa wa shari'ar aiki. Can hujja a rubuce ake nema, shi ya sa na nace kan littafin.

Af, mai shayinmu na Ƙofar Mata ya aurar da 'yarsa, har ya tambayi ragowar kuɗinsa da ke wuyanka! Hajiya kuma ƙafar da sauƙi, ba ta san zancen Auta ba, kada ka gaya mata tukuna.

Ka kira shi daren Juma'a, lokacin yana gida.

Naka har kullum.