Zuwa Ga Ɗana A Samaru

Sakkwato, daren Lahadi

Ɗana,

Ina gaishe ka da kyau. Ya karatu, ya sanyin Zariya? Mu nan lafiya lau, sai hazo da ya rufe gari tun Alhamis.

Mamanka ta ce ka shiga ƙungiyar maza masu waƙar bishara a makaranta, kuma wai ranka ya ɓaci don ba ganga, ba jita, ba piyano, baki kawai, sannan aka tura ka layin baya cikin masu bas, wato masu murya mai kauri. Na yi dariya har ta ji haushina. Inda aka ajiye ka ɗin nan, nan na tsaya shekara uku.

A 1987 na shiga Jami'ar Sakkwato, shekara guda kafin a sa mata sunan Usmanu Ɗanfodiyo. Mu takwas ne a ƙungiyar waƙarmu, duka 'yan FCS, ƙungiyar ɗalibai Kirista. Kada ka ɗauka tsananin ibada ne ya raba mu da kayan kiɗa, babu ce kawai. Ƙarƙashin wani dogonyaro muke haɗuwa bayan la'asar, kowa da solfa, wato do-re-mi na waƙar, a rubuce a bayan littafin laccarsa. Shugabanmu ɗalibin kimiyya ne, mutumin Zuru, yana da ƙarfen nan mai yatsu biyu. Sai ya buga shi a gwiwa, ya kara a kunne, ya ba mu "do", kowa ya nemo muryarsa daga nan: tena ta ɗaya da ta biyu a sama, baritan a tsakiya, mu kuma can ƙasa. Da an kira magariba mukan yi shiru har a idar. Abokin ɗakina, wani Musulmi ɗan Gwadabawa, yakan zauna gefe yana cin gyaɗa, in mun kauce shi ke fara cewa mun zame. Kuma bai taɓa kuskure ba.

Sau ɗaya aka ba ni in buɗe waƙa, a wani ɗaurin aure cikin gari. Coci ya cika, ƙawayen amarya na layin gaba, cikinsu har da wata doguwa mai ɗankwali shuɗi (ka tambayi Mamanka ko wace ce). Ban jira ƙarfen ba. Na ɗaga kai na kama waƙar can sama, don a ji ni. Baiti na farko muka lallaɓa. A na biyu 'yan tena suka yi ta hawa, jijiyoyin wuya a waje, har muryar ɗaya ta tsage kamar ta zakaran da bai gama girma ba, kowa ya yi tsit. Shugaba bai ko dube ni ba. Ya buga ƙarfe a gwiwa, muka sake daga farko. Sai a hanyar komawa Dundaye, inda jami'ar take, ya ce mini, "Yau kai kaɗai ka ji kanka."

In babu kayan kiɗa, babu abin laɓewa. Numfashi na gajiya, waƙa na sauka ƙasa kaɗan-kaɗan ba wanda ya lura, kuma a kan bas sauran suke jingina. In ba ka jin na kusa da kai, muryarka ta yi yawa, rage ta. Kada kuma ka raina baki kawai: a 1871 ɗaliban Jami'ar Fisk ta Amurka, yawancinsu 'yantattun bayi, da waƙa suka fita neman kuɗin da ya hana makarantarsu rufewa, har suka rera gaban Sarauniya Biktoriya a 1873.

Amma fa karatu na tura ka. Gwaji sau biyu a mako ya isa. In jarrabawa ta matso, ka faɗa musu kai tsaye ba ka zuwa.

Mamanka ta ba direban da ka sani zuma da citta da kanumfari, zai iso Laraba. Ka riƙa sha da ruwan ɗumi, ka bar ruwan ƙanƙara har hunturu ya wuce. In kun yi gwaji na gaba, ka ɗauko mini a waya, ka ajiye ta kusa da layin baya.

Naka,
Babanka