Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Kano Kan Matsayin Mata a Tsarin Birni

Mai girma Gwamna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, na rubuto ne a kan yadda ake yanka filaye da gina kasuwanni da tituna a Kano, da yadda hakan ke shafar mata, waɗanda da wuya a nemi jin ta bakinsu kafin a aza tubali.

Masu bincike sun daɗe da nuna cewa macen Hausa tana kasuwanci ko da ba a ganinta a kasuwa. Polly Hill, wadda ta yi aiki a Batagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu a 1969 kan cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gida, ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Enid Schildkrout kuma, da ta yi bincike a unguwannin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa yara ne ƙafafun waɗannan mata, domin su ke sayo kayan aiki, su kai talla, su dawo da kuɗi.

Ni a irin wannan gida na tashi. Zaure na maigida ne da baƙinsa, amma da an wuce shi, iko na mata ne. A tsakar gida mahaifiyata ke matse man gyaɗa ta toya ƙuli-ƙuli, a nan ake daka da shanya, kuma ta kan katanga take miƙa wa maƙwabciya kwanon gari bashi. Yanzu fili ya yi tsada, ana raba fuloti a gina ciki da falo har jikin katanga, a bar ɗan siririn wurin da ko turmi ba zai zauna ba. Yara kuma suna makaranta, kamar yadda ya dace, saboda haka dole matar ta fita neman na kanta.

Idan ta fita, sai ta tarar ba da ita aka yi lissafin birnin ba. Na san wata mai sayar da atamfa da ke ƙin shan ruwa tun safe har la'asar, saboda maza ne cike a bakin ban ɗakin da ke kusa da shagonta, ƙofarsa kuma ba ta da sakata. Gadar tsallaka titi mai matakala a tsaye ba ta hawuwa ga mai goyo da kaya a ka, lungun da babu fitila kuwa rufe shi aka yi ga mace da zarar an yi magariba.

A 2005 gwamnatin Kano ta hana mata hawa acaɓa, ta kawo kekunan Adaidaita Sahu domin ɗaukarsu. Ko me mutum zai ce game da hanin, an dai yarda a lokacin cewa zirga-zirgar mata tana da buƙatunta. Yau kekunan na kowa ne.

Roƙona shi ne ka umarci hukumar tsara birane ta KNUPDA kada ta amince da ginin kasuwa ko tasha sai da ban ɗakin mata daban, mai ruwa da sakata. Kafin a yanka sabuwar unguwa kuma, a tura ma'aikata mata su sami matan a inda suke taruwa, wato makarantun Islamiyya da asibiti ranar awo, su tambaye su hanyoyin da suke bi da waɗanda suke kauce wa.

Wassalam,
Wata 'yar Kano