Ƙanwata ɗalibar jami'a ta faɗa shaye-shaye, dangi sun ce a aurar da ita

Assalamu alaikum Hajiya,

Da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Allah ya saka miki da alheri a kan wannan fili da kika buɗe mana. Ni malamar makarantar sakandare ce a nan Jos, da aurena da 'ya'yana. Ina roƙon a sakaya sunana da na unguwarmu, domin maganar ta shafi mutuncin yarinyar da ba ta san na rubuto miki ba.

Ƙanwata ce, cikinmu ɗaya, ita ce autar Mama. Tana aji uku a jami'a, kuma duk gidanmu ba a taɓa samun macen da ta kai nan ba, ni kaina a NCE na tsaya. Mahaifinmu ya rasu tana firamare. Ni da maigidana muke biyan kuɗin makaranta da na haya, Mama kuma takan ƙulla mata ɗan abin kashewa daga cinikin kayan miyan da take sarowa a Farin Gada. To, yarinyar nan ta faɗa shaye-shaye: tiramadol, kodin, roci (wata ƙwayar sa barci), har da giya. Manyan gida sun zauna sun yanke cewa a cire ta daga makaranta, a ɗaura mata aure da zarar an sauko daga babbar Sallah. Hankalina bai kwanta da wannan ba ko kaɗan, amma bakina bai kai ya ja da Baffa ba, kuma na rasa ta inda zan ɓullo wa lamarin.

Abin ya fito fili ne da ta zo hutu gidan Mama. Wata safiya tana tankaɗe a tsakar gida sai ta yanke jiki ta faɗi, jikinta ya sandare yana karkarwa, idanu suka kakkafe, kumfa na fita ta baki. Nan da nan matan unguwa suka cika gidan, kowa na cewa ta yi gamo. Aka kira malami ya yi ruƙiyya, aka turara mata hayaƙi, aka shafe ta da man habbatussauda. Da ta farfaɗo ba ta san abin da ya faru ba. Da daddare ina nema mata zanen canji a jakarta sai hannuna ya taɓo wata safa a ƙulle. Na kwance, ga katin ƙwaya an ɓalle rabinsa, a bayansa an rubuta 225. A ƙarƙashin littattafai kuma ga robar lemo, abin da ke cikinta ya yi kauri yana danƙo, ga kuma 'yan ƙananan ledojin giya an naɗe su a cikin hijabi. Nan take na tuna da harshenta da nakan gani ya yi shuɗi, in na tambaya ta ce alewa ta sha.

Washegari na kai katin wurin wata ƙawata ma'aikaciyar jinya. Ta ce tiramadol ɗin da NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta amince da shi mai miligiram 50 ne ko 100, wannan mai 225 ta ɓarauniyar hanya ake shigo da shi, kuma sananne ne yana kayar da mutum kamar mai farfaɗiya in ya yi yawa a jiki. Shuɗin harshen kuwa na roci ne. Abin da ya fi girgiza ni shi ne da ta ce kodin da roci da giya duk numfashi suke dannewa, in suka haɗu a ciki ɗaya mutum na iya kwanciya barci ya zarce. Ni ban musa akwai iska ba, Hajiya, kuma ban raina addu'a ba, har yanzu muna yi. Amma ba aljani ne ya kayar da ƙanwata a gaban turmi ba.

Na bari sai da muka kaɗaita a ɗakina, na ajiye safar a gabanta ban ce uffan ba. Ta daɗe kanta a sunkuye, sannan ta riƙo ƙafata ta ce, "Yaya, don girman Allah kada ki gaya wa Mama." Na ce to, in dai za ta faɗa mini gaskiya tun daga tushe.

Ta ce ciwon mara ne mafari. Tana shekarar farko, ana tsakiyar jarrabawa, ga hunturun Jos da kika sani, sai wata 'yar ɗakinsu ta miƙa mata ƙwaya ɗaya. Ciwon ya lafa, kuma ta kwana tana karatu babu gajiya. Daga nan kowace jarrabawa sai da ita, har ta kai ko babu jarrabawar. Da barci ya ƙaurace mata sai aka nuna mata roci. Kodin kuma a wurin wata liyafar ƙawaye aka fara zuba mata a lemo. Tun watan Mayun 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan binciken nan da BBC ta yi, amma a wurin yaran nan tsada kawai hanin ya ƙara masa. Ranar da kuɗi bai kai na kwalba ba, sai a sayi giyar leda a tsiyaya a lemo a rage zafi. Ita ma giyar ledar NAFDAC ta sanar da hana ta tun farkon 2024, aka yi ta ja-in-ja ana ɗage wa'adi. Har rantse mini ta yi cewa ba ta taɓa kusantar goskolo ba, wannan muguwar giyar da ta gama da samari da yawa a garin nan. Na tambaye ta ina take zuwa saye. Ta ce ba sai ta je ko'ina ba. Saƙo ɗaya ne ta WhatsApp, a tura kuɗi, a kawo har ƙofar gidan hayarsu a cikin ledar abinci. Can kuɗin littattafai suka tafi, can wayar da ta ce an sace mata ta tafi, ga kwasa-kwasan da ta faɗi sun taru suna jiranta.

Ta gwada bari ita kaɗai, ba sau ɗaya ba. Hanci ya yi ta zuba, ga hamma, ga gumi cikin sanyi, ga gudawa, ga ciwon ƙashi da ke hana ta miƙewa. Sai ta koma. Ta ce da ni, "Yaya, wallahi yanzu ba don daɗi nake sha ba, don in iya tashi in je lakca ne." Tun da na ji wannan na daina kallon abin a matsayin iskanci kawai. Ta yi laifi, ita ma ta sani, amma yanzu ciwo ne a jikinta, kuma faɗa da zagi ba za su cire shi ba.

Baffa, yayan mahaifinmu kuma waliyyinta, labarin giyar kaɗai ya kai kunnensa, ta bakin Goggo da ta tsinci leda ɗaya a shara. A wurinsu giyar ce musibar. Na yarda haramun ce babu tantama, kuma abin kunya ce a gida irin namu. Sai dai na lura da wani abu da ke ci mini rai: da ƙwayar suka gani, da sun ce ai magani ne, tunda ba ta wari kuma ba ta sa maƙwabta su nuna mu da baki. Abin da mutane za su ce ya fi damun gidanmu a kan abin da ke cin yarinyar. Baffa ya ce boko ne ya lalata ta, mace in ta kai munzali ɗakin miji ya fi mata. Dama akwai mai nemanta, wani ɗan kasuwa a Terminus, mutumin kirki mai kunya, tun bara magabatansa suka kawo gaisuwa. Umarnin da aka ba mu shi ne kowa ya ja bakinsa ya yi shiru, aure rufin asiri ne.

Wane asiri zai rufu, Hajiya? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Za a kai ta gida ita kaɗai daga safe har dare, ga waya a hannu, ga kuɗin cefane. In ta faɗi a gaban murhu fa? In ciki ya shiga tana shan waɗannan abubuwa fa? Ranar da mijin ya gane, zai ce mun ha'ince shi, kuma da gaskiyarsa. Ta dawo gida bazawara, babu karatu, babu aure, ga tambarin da ba ya gogewa. Kuma shi bawan Allahn nan yana da haƙƙi a kanmu. Ban ga yadda za a karɓi sadakinsa a ɓoye masa wannan ba.

Ba ita kaɗai ba ce, shi ya sa ma na daure na rubuto. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, kuma cikin kowane huɗu ɗaya mace ce. Amma in namiji ne sai a ce yaro ya lalace, a nema masa magani. In mace ce sai a nema mata miji.

Goggo kuma nata ra'ayin daban. Ta ce kafin biki a kai ta gidan mari ta yi 'yan watanni a sauke mata abin da ke kanta. Wannan kam na ce sai dai bayan raina. Ban manta da abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019 ba, mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, jiki duk tabon duka, ba a jima ba aka sake gano irinsa a Daura. Ban da haka, ƙawata ta gargaɗe ni cewa wanda jikinsa ya saba da roci da giya ba a yanke masa su lokaci guda babu likita, domin hakan ma yana kayar da mutum, har ya kai ga rasa rai. Da kaɗan-kaɗan ake janyewa, ana dubawa.

Ni asibiti nake so. Na san Asibitin Koyarwa da ke Lamingo yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna in ana son a yi nesa da idon sani. Maigidana ya ce zai tsaya mana iya ƙarfinsa, duk da albashi ne muke lallaɓawa. Amma da na ambata wa Mama a kaikaice sai ta fashe da kuka, ta ce yanzu autarta za a kai asibitin mahaukata? Mama tana da hawan jini, rabin labarin ma ba ta sani ba. Na kuma ji NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta buɗe layin kira na kyauta tun 2022 domin masu neman taimako, amma ita yarinyar da ta ji sunan hukumar sai jikinta ya hau rawa, gani take kama ta za a zo yi. Don Allah ki fayyace mana, wanda ya kai kansa neman magani, ana ɗaukarsa mai laifi ne ko majinyaci?

Sai batun makaranta, wanda shi ne ke hana ni barci. A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da NDLEA sun sanar da shirin yi wa ɗaliban manyan makarantu gwajin ƙwaya. Ni ina goyon baya, in dai wanda aka samu za a nuna masa hanyar magani, ba ƙofar fita ba. Ɗalibin da ya tabbata kora ce sakamakon faɗin gaskiya, har abada ba zai buɗe baki ba, ƙawayensa ma za su rufa masa har ranar da za a ɗauko shi a sume. Tunanina shi ne in je da kaina in nemi a jingine mata zango ɗaya ko shekara bisa dalilin rashin lafiya, da takardar likita a hannu, ta warke ta koma. Amma wa zan fara gani, shugaban sashensu ko ofishin ba ɗalibai shawara? In na faɗi ainihin ciwon, zai tsaya a tsakaninmu ko zai shiga fayil ɗinta ya bi ta har gaba? In ta koma kuma, ɗakin nan da ƙawayen nan da lambar wayar nan duk suna nan. Na yi tunanin ta riƙa zuwa daga gidana kullum, ko da kuɗin mota zai ƙaru. Ko hakan ya isa, ko tsaro ne kawai da za ta koyi zillewa?

Babban abin da ya ɗaure ni shi ne alkawarin da na yi mata. Ta ba ni amana, kuma ni kaɗai ta yarda da ni a duniyar nan yanzu. In na fasa wa Baffa labarin ƙwayar, wataƙila ya gane ciwo ne ya sassauta, wataƙila kuma ya ƙara harzuƙa ya matso da ranar auren, ita kuma ta rufe mini cikinta har abada. In na yi shiru, za a ɗaura. Gaba kura, baya sayaki. Na yi tunanin in fara shawo kanta mu je wurin likita tukuna, sannan in nemi limamin unguwarmu, wanda Baffa ke jin nauyinsa, ya raka maigidana su same shi da takardar asibiti. Amma ina tsoron kada a ce na fitar da maganar gida waje, na kuma tsallake manya. Shi mai neman nata kuma, wa ya kamata ya gaya masa, ita ko mu, kuma yaushe?

Yanzu haka tana gidana, na ce wa Mama tana taya ni aiki ne. Tana cin abinci kaɗan, tana sallah, wani lokaci ta yi wasa da yara, wani lokaci ta shige ɗaki ta ƙi magana da kowa. Na san ba ta daina ba, kuma na kasa ƙwace abin da ya rage a hannunta saboda gargaɗin da aka yi mini. Baffa ya aiko cewa ƙarshen watan nan za a zauna a tsayar da rana. Ina roƙon ki taimaka ki ba ni amsa kafin lokacin, musamman kalaman da zan fara da su a gabansa ba tare da na yi masa rashin kunya ba. In da hali kuma ki gayyato likitan ƙwaƙwalwa da malamin addini su yi bayani a filin nan, domin Baffa yana bin shirinki, kuma zai fi karɓar magana daga bakinsu a kan daga nawa.

Na gode, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Taki,
wata 'yar'uwa daga Jos