Uwata, Kafin Ki Ajiye Musu Makulli

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Mu nan Kaduna sai godiyar Allah. Mahaifiyarki ta shaida mini cewa aikin nan na Abuja ya tabbata. Na yi murna ƙwarai. Allah ya sa alheri ne ya kira ki, ya haɗa kanku wuri ɗaya, don zirga-zirgar da mijinki yake yi a hanyar nan duk ƙarshen mako ta daɗe tana hana ni barci. Sai dai ta ƙara mini da wata magana, ita ce ta sa na ɗauki biro. Wai kin ce albashin wannan wata yana shiga za ki ajiye wa mutanen wurin aikinki na yanzu makulli a kan tebur ki kama gabanki, tunda su ma ba su san darajarki ba. In ta waya ce ba za ki bari in kai aya ba, zuciyarki irin ta mai sunanki ce, Allah ya jiƙanta. Shi ya sa na rubuto, ki karanta a tsanake.

Ban ce ba a ɓata miki ba. Shekara shida kina riƙe da lissafin kuɗinsu, sau biyu ana tsallake ki wajen ƙarin girma, kuma na san dararen da kika kai ƙarfe goma a ofis lokacin da masu binciken kuɗi suka zo, ga goyo a gida. Wannan haƙƙinki ne, ba zai faɗi ƙasa banza ba. Amma ki tambayi kanki, in kin tafi a haka, a kan wa abin zai ƙare? Manaja faɗa zai yi, ya shiga motarsa ya tafi gida. Wanda zai kwana a ciki shi ne yaron nan mataimakinki, sai direbobi da masu gadi da leburori waɗanda albashinsu zai makara don babu wanda ya san yadda kike haɗa shi.

Ni na taɓa zama wannan yaron. Ina ƙaramin akawu a sito, a masaƙar da na fara aiki a Kakuri, tun ba a haife ki ba. Maigidana a siton ya samu saɓani da wani babba. Ran Juma'a da aka tashi, ya miƙa wa maigadi damin makullai ɗaure da tsumma, bai sake waiwayo mu ba. Litinin da safe aka kira ni aka ce ga sito nan, ka riƙe. Makullan sun fi ashirin, ko ɗaya babu alama a jikinsa. Yini na yi ina bin kwaɗo ɗaya bayan ɗaya ina gwadawa, ga masu karɓar kaya sun yi layi a bakin ƙofa suna jirana. Katin da ake ratayewa a jikin kowane irin kaya, inda ake rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, rabonsa da biro ya kai wata biyu. Mutumin nan ba ɓarawo ba ne, har gobe zan yi masa wannan shaida. A kansa yake ajiye komai, da ya tashi tafiya kuma ya tafi da abinsa. Mako uku na yi ni da lebura ɗaya muna ƙirga duro-duron rini da buhunan sitaci da kayan gyaran inji, ƙura har cikin maƙogwaro. Da aka zo bincike aka samu giɓi, ba a nemi wanda ya tafi ba, ni da nake tsaye aka riƙe. Wata huɗu ana yankar albashina. Daga baya aka gano ashe kayan suna sashen rini, ya ba su aro da fatar baki bai rubuta ba. Kuɗina sun dawo, amma irin kallon da abokan aiki suka riƙa yi mini a watannin nan, har yau in na tuna sai raina ya sosu. Fushin da ya yi da babba ne, amma ni da ban san hawa ba ban san sauka ba, ni na biya.

Kin yi karatun Sira, kin san daren Hijira. Mutanen Makka sun kewaye gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da niyyar kashe shi, alhali kayan ajiyar mutanen garin suna hannunsa. Bai ce tunda sun zalunce ni shi ke nan ba. Ya bar Sayyidina Aliyu a baya, ya yi kwana uku yana mayar wa kowa abinsa kafin ya bi sahu. Ki duba kuma Suratul Ƙasas. Annabi Musa ya yi yarjejeniyar aikin shekara takwas, in ya cika goma to daga gare shi ne, kuma bai kama hanya da iyalinsa ba sai da ya cika wa'adi. Ibn Abbas ya ce mafi tsawon wa'adin biyun ya cika. Littattafan da ke hannunki ajiya ce, Uwata. Ba ki fita daga cikinta ba sai ta shiga hannun wani, an ƙirga, an sa hannu.

To ga yadda nake so ki yi. Kada ki furta wa kowa komai sai takardar ɗaukar aiki ta Abuja tana hannunki, da sa hannu da ranar farawa. Alƙawarin waya ba takarda ba ne, kada a yi saki reshe kama ganye. Daga nan ki lalubo takardar da waɗannan suka ba ki ranar da suka ɗauke ki, ki karanta wurin da ya yi maganar notis. A zamanin da nake wakilin ƙungiya a masaƙa, sashe na 11 na Dokar Ƙwadago a bakinmu yake: wanda bai wuce wata 3 yana aiki ba, notis ɗin kwana 1, daga nan zuwa ƙasa da shekara 2, mako 1, daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako 2, daga shekara 5 zuwa sama, wata 1. In notis ya kai mako kuma dole a rubuce yake. Sai dai dokar ta fi magana a kan leburori da akawuna, masu muƙami irinku abin da ke cikin takardar yarjejeniya shi ake bi. In ta ce wata ɗaya ko albashin wata a madadinsa, ni shawarata ki zauna ki cika watan, ko da kina da kuɗin biya. Kuɗi ba ya koya wa magaji aiki. Mutanen Abuja kuma ki gaya musu gaskiya cewa akwai notis a kanki. Mai hankali in ya ji haka ƙara yarda zai yi da ke, don ya ga yadda za ki rabu da shi wata rana.

Manajanki ya fara ji daga bakinki, a ofishinsa, kafin labari ya zaga. Takardar ajiye aikin kuwa kada ta wuce layi biyar: kin ajiye aiki, ga ranar ƙarshe, kin gode, za ki miƙa komai kafin ranar. Kada ki zuba ƙorafi a ciki, takarda ta fi fushi tsawon rai. Ki yi kwafi biyu, a buga hatimin karɓa a naki.

Babban aikin shi ne miƙa aiki, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ran da kika ba da notis, ran nan za ki sayi littafi ki fara rubutu. Duk abin da hannunki ya taɓa a yini, ki rubuta shi da yamma kamar kina yi wa wanda bai taɓa shiga ofishin ba bayani. Ki fara da ranakun da ba sa jira. Ke kika sha gaya mini harajin albashin ma'aikata dole ya shiga kafin 10 ga wata ya wuce, na VAT, wato harajin cinikin kaya, kafin 21 ya wuce, kuɗin fansho kuma cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi, ga bayanin harajin shekara da ake kaiwa kafin ƙarshen Janairu. Ke waɗannan sun zame miki jiki, shi kuwa yaron sai tara ta hau kansu zai sani. Sai ki bi da abin da ke rataye: wa ake bi bashi, wa yake bin ku, wane cek aka rubuta ba a kai banki ba, wane ma'aikaci ya karɓi kuɗin tafiya bai kawo rasit ba. Har kuskurenki, in akwai wanda ba ki gyara ba, ki rubuta shi da hannunki. Gara a ji daga gare ki kina nan da a tono shi bayan kin ba da baya, ba mai kare ki.

Amma abin da ya fi duk wannan, wanda yawancin mutane suke tafiya da shi, shi ne abin da ba ya cikin kowane fayil. Da ni kuma na tashi barin siton nan bayan shekaru, na zaga da magajina lungu-lungu. Na nuna masa sikelin da yake rage awo in ba a share ƙasansa ba. Na nuna masa kusurwar da rufi yake yoyo da damina, kada ya kuskura ya jera sitaci a wurin. Na gaya masa wane direba ne sai an ƙirga kayansa sau biyu, wane ne kuma in ya ce ɗari to ɗari ne. Kowane makulli na ɗaura masa ƙyalle da lamba. Ke ma kina da irin waɗannan: ma'aikaciyar bankin da take ɗaga waya in an maƙale, dillalin da yake turo takardar neman biya sau biyu, abokin cinikin da ba ya biya sai an kira babban ɗansa. Kada ki yi rowarsu don a ji rashinki. Na san zuciya tana raya wa mutum ya bar wani abu a dunƙule, don in ya tafi a gane amfaninsa. Ki yaƙi wannan. A makon ƙarshe ki sa yaron a kujerarki ya haɗa albashin watan da kansa, ke kina gefe kina kallo, kada ki karɓe in ya yi jinkiri. Inda ya tsaya yana sosa ƙeya, nan ne rubutunki bai kai ba, sai ki koma ki cike.

Ranar miƙawa a ƙirga komai a gaban shaida: kuɗin da ke cikin sef, littattafan cek da lambar shafin da aka tsaya, hatimi, kwamfuta, makullai, katin shaida. Ku sa hannu a kowane shafi, ke da shi da shaidan, ki riƙe kwafinki. Kin san akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin gadona. Shekara biyu da barina masaƙar aka aiko nemana a kan wasu injinan ruwa da suka ɓace. Takarda uku na ciro daga cikinsa na je da su, ban yi rabin awa ba aka sallame ni har da ban haƙuri. Ki tabbatar kuma an rubuta wa banki an cire sunanki daga masu sa hannu, a canza duk lambobin sirrin da kika sani tun kina nan. Wannan kariyarki ce. Kuma kada ki kwafi ko shafi ɗaya na bayanan kamfani ko na ma'aikata a wayarki da sunan ko zai yi amfani. Ba naki ba ne, ga shi tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane.

Naki haƙƙin ma kada kunya ta sa ki bar shi. Ki karɓo bayanin asusunki na fansho ki duba wata-wata. Dokar 2014 ta ce mai aiki ya zuba aƙalla kashi 10, a cire kashi 8 daga albashinki, to ki ga ko duk sun shiga. In akwai watan da aka tsallake, yanzu ne lokacin magana, kina ciki. Asusun naki ne, lambar nan za ki kai Abuja su ci gaba da zubawa. Mu da muka ga yadda masaƙu suka rufe, dattawa suka yi ta sintiri a kan haƙƙinsu har wasu suka rasu ba su karɓa ba, mun san darajar wannan. Ki lissafa hutun da kike bi, ki biya bashin ƙungiyar adashin ofis in akwai, kada a bi waɗanda suka tsaya miki. Ki kuma nemi takardar shaidar aiki kafin ki fita.

Sauran kwanakin nan ki kama bakinki. Za a zo miki da "ai gara da kika tafi", a zauna a jira ki zagi manaja. Ki yi murmushi ki ce Allah ya sa mu dace. In hukumar wurin ta tambaye ki dalili a keɓe, ki faɗi gaskiya cikin ladabi, ko don na bayanki su samu sauƙi. Ranar ƙarshe ki bi ofis-ofis ki nemi gafara, har shi manajan. Kada ki manta da maigadi da masinja da mai shara, ki miƙa musu ɗan abin da ya sawwaƙa. Shekara shida suna buɗe miki ƙofa. Yaron kuma ki bar masa lambarki, ki ce wata ɗaya ko biyu in ya kakare ya kira, kuma in ya kira ki ɗaga.

In za ku shigo ranar Asabar, ki taho da takardun biyu, ta tsohon wurin da ta sabon, mu duba tare bayan la'asar. Mahaifiyarki ta ce ki zo mata da yaran ko da mijinki bai samu dama ba, ta ajiye musu dakuwa. Ki gaishe shi da kyau.

Allah ya yi miki albarka, ya sa ki gama da su lafiya.

Wassalam,
Mahaifinki